Gwaggo da Farin Soson Firji

Masana sun daɗe suna jayayya a kan abin da ya kawo ƙarshen tsohon zamani a ƙasar Hausa. Wasu sun ce zuwan Turawa ne, wasu sun ɗora wa jirgin ƙasa, wasu man fetur. Ni da na karantar da tarihi har alli ya cinye mini yatsu ina da ra'ayi dabam. Tsohon zamani ya ƙare ne a tsakar gidanmu da ke Ƙofar Atiku, ranar da aka buɗe kwalin firji.

Lokacin mulkin soja ne, kuɗin mai ya yi wa gwamnati yawa har ta tuna da malaman makaranta, aka yi mana ƙarin albashi haɗe da ariyas. Na sayi babur, na sayi firji. Firjin bai dami kowa ba. Abin da ya tayar da ƙura shi ne abin da aka tokare shi da shi a cikin kwalin: waɗansu fararen ginshiƙai, kamar soso amma busasshe, babu nauyi ko kaɗan, in ka murza sai ya yi wata ƙara mai kashe haƙori.

Gwaggo, yayar mahaifina, ita ke riƙe da gidan, kuma a mulkinta babu wani abu mai suna shara. Toka ta miya ce, gwangwanin madara na maƙerin fitila ne, ƙwarya in ta fashe gyartai na nan, tsumma kuwa gammo ne da bai san kansa ba tukuna. Abin da ya gagari kowa sai a kai shi juji a bayan gida, ya haɗu da kashin awaki ya ruɓe. Duk shekara kafin damina wani manomi daga Kwalkwalawa yakan zo da jakuna da mangala ya kwashe takin, da kaka ya aiko da albasa. Taubashinta ne, shi ɗan namiji ita ɗiyar mace, don haka bisa al'ada baiwarsa yake kiranta, ita kuma ba ta taɓa amsawa ba.

Tsautsayi ya sa yana gidan ranar. Ya ɗaga ginshiƙi ɗaya da ɗan yatsa, ya shinshina.

"Baiwata, wanga hwa? Tuwo za a yi da shi ko miya?"

"Ja jakkanka ka ba mu wuri," in ji Gwaggo. "Abin da duk yash shigo gidan ga sai ya yi aiki."

"To, mu ƙulla. In kin samo mai aiki kahin in dawo kwasat taki, ni da bakina zan ce miki uwargijiya gaban mutane. In kin kasa, ki aza shi bisa kai ki kai bola da rana tsaka, ina biye ina yi miki guɗa."

Matan maƙwabta da suka shigo kallon firji suka zama shaidu. Magana ta fita, ba ta komawa.

Kwalin bai kwana ba, ya zama rufin akurkin kaji. Sannan Gwaggo ta juyo kaina. "Malam, kai da kay yi boko, mi ag aikinai?" Na gyara murya kamar ina gaban aji, na bayyana mata cewa an sa shi ne don kada firjin ya bugu a hanya, yanzu kuwa ya gama aikinsa.

"Abu ya gama aiki tun shina sabo?" Ta jinjina kai. "Ashe ma'aikacin gwamnati na."

Da makamashi ta fara. Ta cusa gutsure a murhu, ya tashi da baƙin hayaƙi, ya narke yana ɗiga, tuwon ranar ya fito da ɗanɗanon taya. Maƙwabta har da masu shigowa jaje.

Daga nan ta ce ai auduga ce ta Turawa, matashin kai za a yi. Aka zuba a turmi aka sa taɓarya. Wanda bai ga wannan daka ba bai ga abin mamaki ba. Abin ya watse ƙwaya-ƙwaya kamar gero, ya manne a zannuwa, a gira, a gemun bunsuru. In an bi shi da tsintsiya sai ya riga tsintsiyar gaba, in an juya ya biyo baya. Ɗan abin da aka kamo aka ɗura a buhun atamfa aka kai wa mahaifina. Da safe ya fito da matashin a hannu, ya ajiye a gaban yayarsa cikin ladabi, ya ce shi bai saba kwana da ɓeraye a kunne ba.

Kaji ne suka kusa fitar da ita kunya. Sun bi ƙwayoyin nan suna tsattsaga kamar an watsa musu shinkafa, har Gwaggo ta fara shirin aika wa taubashinta saƙo. Sai aka lura maƙoƙonsu cike, jikinsu kuwa sai rama, ƙwai ma sun daina. Aka kulle su. Ta binne wani gutsuren a juji ko zai ruɓe. Garar gidanmu, wadda ta cinye mini ƙamus tun daga bango har bango, ta zagaye shi ta wuce. Bayan watanni aka tono shi fari fat, kamar ya dawo daga wanki.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, saura ginshiƙi guda. Gwaggo ta rage cin abinci. Ta daina zuwa suna da biki, don ko ina ta shiga sai an tambaye ta, "Ina labarin baƙonku?" Matar da ta tsufa tana koya wa amaren unguwa tattali, ga ta za ta ratsa Ƙofar Atiku da shara a ka, ƙato na yi mata guɗa.

Babur ɗina ne ya cece ta. Tankinsa ya fara yoyo a zaure, ita kuma don kada fetur ya ɓata mata daɓe sai ta tura ginshiƙin a ƙarƙashi. Kafin in gama karin kumallo na ji salati. Ginshiƙin ya ɓace, sai wani abu mai danƙo kamar ƙaro a ƙasa. Ta taɓa da tsinke, ta ja. Sai ta ruga ɗaki da saurin da ban san tana da shi ba, ta fito da wani tsohon bokiti mai huda a gindi, ta shafe hudar. Zuwa la'asar ya bushe ƙam.

Ranar da taubashin ya iso da jakunansa, ya tarar da tsakar gida cike da mata. Gwaggo ta cika bokitin da ruwa, ta rataye a reshen dalbejiya, ta shimfiɗa busasshen zane a ƙarƙashi. Aka zuba ido. Ya leƙa, ya shafa gindin bokitin, ya dubi tafin hannunsa. Ko ɗigo.

"Tsahi na," in ji shi.

"Tsahi ko ba tsahi ba, hwaɗi mu ji."

Ya cire hula, ya durƙusa, ya ce a hankali, "Ranki shi daɗe, uwargijiyata."

"Ban jiya ba. Kunnena ya tsuhwa."

Sai da ya maimaita da ƙarfi har jakunan suka ɗaga kai. Gwaggo ta kama hanci ta rangaɗa guɗar da kanta, a daren kuma ta cinye tuwo malmala biyu.

Ba a sake ɗiban ruwa da bokitin ba, don duk abin da aka zuba a ciki warin fetur yake yi.