Rautar da Na Sayar wa Malamata

Kafin wannan abu, ba a taɓa sanina da ɗaukar ko allurar wani ba. Na gama sakandare a nan Kontagora, kawuna ya sama mini aiki a wani shagon wayoyi kusa da tasha. Aikina in nuna wa masu saye bambancin rauta, wato na'urar nan da ake sa wa layi ta ba da intanet.

Na iya aikin kuwa. Mai yawan tafiya in ba shi ta aljihu, in gaya masa batirinta ba ya kai yini. Mai shago ko ofis in nuna masa babbar mai eriya, ta fi jan sabis amma sai da wuta ko sola. Babban bambancin shi ne wata a kulle take, layin kamfani ɗaya kawai take karɓa, wata kuma buɗaɗɗiya ce, ta fi tsada. Wanda zai shiga ƙauyukan Mashegu ko Bangi buɗaɗɗiya yake bukata, don a can sau da yawa layi ɗaya ne ke kamawa.

Da sitikar da ke nuna rauta buɗaɗɗiya ce na fara. Wata rana na ɓare ta daga yagaggen kwalin buɗaɗɗiya na manna wa kullalliya, wani ya saya bai duba ba, rarar ta shiga jakata. Kwana biyu ban ci abincin kirki ba don tsoro. Da na ga shiru, sai na je aka buga mini sitikun da yawa. In mutum ya zo, in sa layin da na san tana karɓa, fitila ta kawo kore, ya tafi yana godiya.

Ana nan sai ga Malama Saratu, wadda ta koya mini lissafi, an mayar da ita wata makaranta a bayan Sahon Rami.

"Ke ce mai gyangyaɗi a bencin baya? Yanzu kin zama injiniya?" in ji ta tana dariya.

Ta ce tana son wadda za ta yi wa ɗalibanta rajistar jarrabawa da ita daga can, ta huta da jigila a babur. Hannuna ya wuce buɗaɗɗiyar, ya ɗauko mai sitika. Ta ciro layinta daga jaka ta ce, "Bari mu sa nawa mu gani."

Na ce, "Haba Malama, ni za ki gwada?"

Kunya ta kama ta, ta mayar da layin. "Yi haƙuri 'yata, Allah ya yi albarka."

Takardun yaran ba su kammala ba sai ranar da za a rufe rajista. Ta sa layinta, rauta ta ƙi. Ta hau babur a hanyar da ruwa ya cinye, kafin ta isa inda akwai sabis lokaci ya kusa ƙurewa. Ta samu ta shigar da wasu, 'yan mata huɗu suka rage.

Ba ta kai ƙarata ba. Ta dai kawo rautar shago ta ce ta lalace. Mai shagonmu ya duba, ya kalle ni, ya ce a zazzage jakata. Sitikun suka zubo a gaban Malama. Shi ya kira 'yan sanda, wasu da na cuta su ma suka fito, alƙali ya ba ni wata shida.

Sau ɗaya ta zo gidan yari, da ƙosai a leda. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "A cikin huɗun akwai Hauwa, ita ke zuwa ta ɗaya. Za ta jira baɗi. Ta ce in tambaye ki me ta yi miki."

Na fito wata biyu ke nan. Na tuba, na roƙi gafarar Allah, na je na durƙusa wa Malama. Amma ko mota ce ta tsaya a ƙofar gidanmu sai in ɗauka 'yan sanda ne suka dawo.

'Yan'uwana matasa, ƙaramin abin da kuka ga ba wanda ya gani, kada ku fara shi. Wanda zai cutu yana can inda ba ku san shi ba. Ku kuma masu saye, ku sa layi biyu daban ku gwada kafin ku biya, ko da 'yarku ce a bayan kanta. In ta ce "ni za ki gwada?", ku gwada.