Sensar da Na Yi wa Wanka

Ban taɓa mantawa da ranar da na yi wa sabuwar sensa wanka ba, ni da ko wuyana sai Inna ta yi faɗa nake cuɗawa.

Watana huɗu ke nan ina koyon kanikanci a garejin Oga Lawal, a Ƙofar Kwaya. Wata Laraba da hantsi wani matashin Alhaji ya kawo jar mota mai ƙofa biyu, gajeriyar da ko kaza sai ta rusuna za ta bi ta ƙarƙashinta. Tana shan mai, ga fitilar gargaɗin injin a kunne. Oga ya jona kwamfuta, ya ce sensar salansa ce ta mutu. Ita ke shinshinar hayaƙi, ta gaya wa injin yawan man da zai sha. Da yake biyu ne a motar, aka sayo sababbi biyu a shagon Malam Sada, dattijon da muke sayen kaya wurinsa. Oga ya ce in ajiye su har salansa ta huce.

A garejinmu ƙa'ida ce, duk abin da zai shiga mota sai an wanke shi. Na tsoma su cikin kwanon fetur ɗin da muke wanke kayan giya, wanda ya fi gindin tukunya baƙi. Na dirje su da buroshi, na shafe su da giris don su yi ƙyalli.

Oga ya ɗaura bai lura ba. Alhaji ko Ƙofar Durbi bai kai ba fitilar gargaɗin ta sake kunnuwa, ya juyo yana huci.

Oga ya sa aka kira Malam Sada, ya tare shi a gaban jama'a.

"Malam, ni za ka ba jabu? Shekara nawa muna tare?"

"Lawal, kwance ta in gani."

Aka kwance ɗaya. Dattijon ya taɓa bakin sensar, ya dubi maiƙon yatsansa, ya dube ni. Ya gane. Amma sai ya ce, "Allah ya sawwaƙe, zan sauya maka."

Na ga mutane sun fara raɗa. Sunansa ne zai ɓaci don kar a kore ni.

"Oga, ni na wanke su."

"Da mi?"

"Da fetur ɗin kwano."

"Ai da ka haɗa musu da turare, ɗan nema!"

Ran nan na san ba kowane ƙarfe ke son wanka ba, kuma tambaya ba ta rage wa yaron gareji komai.

Oga ya bi Malam Sada har shago ya ba shi haƙuri. Ni sati biyu aka hana ni taɓa sifana. Alhaji bai sake kawo mana motarsa ba. Malam Sada kuwa har yau Mai-wanka yake kirana.