Kaftin Istifanus ya tafi, ku da kuka kore shi kada ku zo Kwoi

Da safen nan Mama Rifkatu ta kira ni daga Kafanchan tana kuka. Mijinta, Kaftin Istifanus, malamina na tuƙin jirgin sama, ya rasu a asibiti.

Ban gama share hawaye ba na ga makarantar da ta kore shi ta saka hotonsa, wai "gwarzonmu". Ba ku da kunya.

Bari in gaya wa mutane laifinsa. Yakan hau da ɗalibi can sama, ya rage wuta, ya ɗaga hancin jirgi har fukafukai su daina riƙe iska, jirgi ya yi rawa ya sulale ƙasa. Shi ne stol. Jikinka zai ce ka ja sandar tuƙi baya, alhali dole gaba za ka tura, ka ƙara wuta.

Ranar farko na sandare. Bai taɓa sandar ba, ya ce, "Ladi, ki tura shi ƙasa. Jirgi ba ya jin kuka." Da muka sauka ya saya mini shayi, bai gaya wa kowa na yi amai ba.

Ɗan wani babban mutum ya ƙi yin darasin, wai ana tsorata shi. Kaftin ya ce ba zai wuce da shi ba. Sai kuka ce wai ya tsufa, yana wasa da ran yara. Kuka sallame shi, wani ya wuce da yaron.

Ya koma Kwoi yana noman citta. Da Kirsimeti na je gaishe shi, ya rame sosai. Tambayarsa ɗaya: "Har yanzu suna koya ma yara stol a sama?" Na ce sun rage. Ya cika mini leda da citta.

Yanzu kun aiko wa Mama kuna son yin jawabi a jana'iza. Ta bar mini tsarin sujadar, kuma amsata a'a ce. Ba za ku tsaya gaban akwatinsa ku yabe shi da bakin da kuka ɓata sunansa ba.

Ubangiji ya ba bawansa hutu, ya ta'azantar da Mama da yara. Jama'a, ku yi musu addu'a, don Allah. Ku sa har da ni, domin Fasto zai ce in gafarta, ni kuwa ban iya ba tukuna.