Ranar Da Malam Barnaba Ya Gyara Wa'azinsa

Duk wanda ya bi ta ƙofar majami'armu da safe, a ƙauyenmu na gefen Fassi, zai tarar da Malam Barnaba Ɗantala a kan kututture, tabarau ɗaure da zare, Littafi Mai Tsarki a cinya. Shekara talatin da huɗu yana mana wa'azi, kuma ayar Lahadi sai ya kwana shida yana juya ta. In ka kawo masa tambaya, cewa zai yi, "Tsaya mu karanta na sama da na ƙasa tukuna." In ta fi ƙarfinsa, ya hau keke har Rano ya tambayo fasto. Mu matan zumuntar majami'a har tsokanarsa muke yi: Malam, kafin ka amsa ai tuwo ya huce!

Ba haka ya faro ba fa. Ni shaida ce, don a gidana abin ya faru.

A shekararsa ta uku, ruwan shuka ya sauka ran Asabar. Ran Lahadi Malam, da zafin ƙuruciya, ya zuba wa'azi kan tsuntsayen da ba sa shuka ba sa girbi, amma Allah na ciyar da su. Kowa ya ce amin, washegari ya nufi gona. Ban da maigidana. Shi dama tsakaninsa da noma sai a hankali. Ya jingine sungumi ya ce shi kam ya ba da gaskiya. Kwana goma sha uku, jama'a! Rumbu ya kusa ƙarewa, ga yara huɗu, dawar maƙwabta har ta fito. Na yi faɗa, na yi kuka, wai bangaskiyata ce ba ta kai ba.

Ran Asabar na yafa gyale sai wurin Malam. Na ce, "Malam, in tsuntsayen ne za su kawo mana dawa, a faɗa mini ranar in shimfiɗa tabarma."

Bai yi dariya ba. Ya buɗe wurin ayar, ya karanta tun daga farko har ƙarshe, ya ce gobe zai gyara maganarsa a majami'a. Dattawan majami'a da suka ji niyyarsa suka ce kul, mai wa'azi ba ya janye magana a gaban jama'a, girmansa zai zube. Ya ce a bar shi ya zube.

Washegari ya miƙe ya ce, "'Yan'uwa, na yi kuskure. Rabin magana na ba ku. Damuwa Ubangiji ya hana, bai hana noma ba. Wanda ya ji ni ya ajiye aiki, laifin nawa ne." Ko kallon maigidana bai yi ba, balle ya kama suna.

Litinin da sassafe Malam ne ya riga kowa zuwa gonarmu, gayya na biye da shi. Maƙwabcinmu Malam Muntari, Musulmi ne, ya kawo irin dawa mai saurin nuna ya ce a gwada. Maigidan nawa ya fito kai a ƙasa, ya yi sara ran nan har tafinsa ya yi kanta. Dawar ta kai mu wata damina.

Malam Barnaba, kai ne ka nuna mana cewa maganar Allah ta fi girman mai faɗarta. Ba ka taɓa yanko aya don ta yi mana daɗi ba, ba ka kuma jefi kowa da ita don ka huce haushi ba. Wannan Lahadin za ka sauka ka huta, mun gode, Allah ya ƙara lafiya.

Ku kuma samarin da za ku hau wurin nan, ku karanta magana har ƙarshenta, don akwai mai ɗauka ya kai gida. In kun kuskure, ku faɗa tun ƙasa na da laima.

Yaran nan huɗu duk sun yi aure, Malam, jikokina goma sha ɗaya. Da girmanka ka kare ran nan, da ban san nawa ne a cikin yaran za su ga kakar shekarar ba.