Zaman Makokin Mutum Ɗaya

A shekarun da ake gina dam ɗin Bakolori ni malamin gona ne. An ɗauke ni aiki don in koya wa manoma shukar alkama da ban ruwa, amma kafin a kai ga alkama sai an tashi mutane tukuna. Saboda haka yawancin kwanakina a bayan mota na yi su, daga ofishinmu na Talata Mafara zuwa ƙauyukan bakin gulbi na ƙasar Maradun, inda ruwa zai kwanta. Ni ɗan Bakura ne, bakina irin nasu ne, shi ya sa duk inda magana ta yi tsami ni ake turawa gaba.

Wata safiya shugaban rukuninmu ya kira ni, ya ce akwai wani tsoho a wani ƙauye da ya hana aiki. Kowa ya kwashe ya koma sabon matsuguni a kan tudu, shi kaɗai ya rage. Yana zaune a zaurensa da adda a kan cinya, ya rantse duk wanda ya taɓa katangarsa sai ya sare shi. Kwana huɗu ke nan katafila tana tsaye.

"Ƙarin diyya yake nema," in ji shugaban. "Na san irinsu. Ka je ka lallashe shi da bakinku. In ya ƙi, gobe 'yan sanda za su ɗauko shi."

Da muka isa sai na ga garin kamar an yi masa fashi. An cire jinka, an zare azara, ƙofofi duk a wangale. Wata akuya da aka manta tana yawo cikin kangaye. Direban katafila yana kwance a inuwar motarsa, shi ya ba ni labarin waɗanda suka riga ni zuwa. Wakilin uban ƙasa ya zo, ya tsaya daga nesa ya ɗaga murya, ya ce wanda ya ja da hukuma shi zai sha wuya. Washegari aka kawo wani malami daga cikin gari, ya yi wa tsohon wa'azi a kan ƙaddara da haƙuri, shi ma daga tsaye, ya koma mota. Shugabanmu da kansa ya karanta masa takarda. Na tambayi direban, shi tsohon me ya ce musu? Ya ɗan yi tunani, ya ce ai ba wanda ya tsaya jin amsa.

Ni ma ba gara ni ba. Na taho da jawabina a baki: noma sau biyu a shekara, ruwa har bakin gona ko da rani, asibiti, hanya. Na faɗe shi sau da yawa har na haddace. Na doshi zauren ina sallama, ban gama rufe baki ba na fara, "Baba, wannan aiki don amfaninku..."

Ya ɗago addar. Bai yi tsawa ba. Ya nuna wani dutse da ke gaban zauren, ya ce, "In ka wuce wanga dutse, ɗayanmu ba zai ga azahar ba."

Dattijo ne dogo, siriri, gemunsa fari fat, idanunsa sun yi ja sun faɗa. Zan so in ce hikima ce ta sa na zauna. Gaskiya tsoro ne. Na tuɓe takalma, na zauna a ƙasa a bayan dutsen, jawabin ya gudu daga kaina gaba ɗaya. Abin da ya rage mini shi ne abin da aka koya mini a gida. Na ce, "Baba, ina kwana?"

Ya dube ni ya daɗe. Sannan ya ce, "Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

Muka bi gaisuwa tiryan-tiryan, rana, aiki, ƙarfin jiki. Da na zo kan "ina iyali" sai ya yi shiru. Ya buɗe baki ya rufe. Ban cike masa shirun ba, don ban san abin da zan ce ba. A nan ne idona ya fara ganin abin da ke gabana. An share zauren tas. An shimfiɗa tabarmi uku a jere, har da ɗaya a waje, ga butoci cike da ruwa, ga ƙwaryar gero a gefe. Mutum ɗaya ba ya buƙatar tabarmi uku.

Na ce, "Baba, wa kake jira?"

Ya ce, "Masu gaisuwa."

Sai ya fara, a hankali, yana kallon ƙasa. Matarsa ce ta rasu. Tare suka tsufa, 'ya'yan da suka haifa biyu ne suka rayu, mata, duk suna aure a nesa. Ta ɗan kwanta ciwo, ta cika da asuba, a ranar da motocin kwasar kaya suka iso.

"Da sunka zo, kowa hankalinai na ga kayanai," in ji shi. "Anka yi mata wanka da sauri. Anka yi salla, direbobi na danna oda. Mutum bakwai munka kai ta. Kafin in juyo daga kushewa, rabin gari ya hau mota."

Na ce, "Ba a zauna ba ke nan."

Ya ɗago kai da sauri. "Ba a zauna ba. Matar da babu haihuwa, babu rasuwa a garin nan da ba ta kai ƙwaryarta ba. Ko kaza ta mutu a gidan mutum, maƙwabci na cewa Allah ya mayar da alheri."

Ya yi magana mai tsawo. Wani wajen ya zagi hukuma, wani wajen ya zagi maƙwabtansa, ya haɗa da ni da wanda ya aiko ni. Sau biyu na ji bakina yana ƙaiƙayin in kare kaina, in ce ai ba mu sani ba. Na danne. Abin da kawai nake yi shi ne in maimaita masa abin da na ji, don ya san ya shiga kunnena. Ya ce duk wanda ya zo a kwana huɗun nan, da ya hango shi sai ya gyara zama, yana zaton mai ta'aziyya ne. Kowa kuma da abin da ya kawo: tashi, ka yi haƙuri, ka sa hannu. Ya ce malamin nan ya ambaci haƙuri ya fi a ƙirga, amma bai tambaye shi haƙurin mene ne ba. Ana jibi sadakar bakwai. Shi ba zai bar gidan da ta mutu a ciki ba sai an yi mata, ko da shi kaɗai ne zai ɗaga hannu.

Na ce, "Baba, ka ba ni izini in wuce dutsen? Ina so in yi maka gaisuwa yadda ake yi."

Sai ya sauke addar ya ajiye a gefen ƙafarsa. Na shiga, na durƙusa a tabarma, na ce Allah ya jiƙanta, Allah ya sa ta huta, ya haƙurinmu. Muka yi addu'a muka shafa. Sai dattijon nan ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa suna girgiza. Na kawar da kai na kalli ƙofa, na bar shi har ya gama.

Har yau in na tuna, raina ɓaci yake yi. Manya uku, masu rawani da masu takarda, sun tsaya a gaban zauren nan. Tabarmin suna shimfiɗe a gabansu. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ma'anar tabarmi a ƙofar gida da ƙwaryar sadaka. Ba su gani ba, don tun daga mota sun riga sun yanke ko wane ne shi: baƙauye mai kwaɗayi. Ni ma da ba don tsoro ya rufe mini baki ba, da na zama na huɗu.

Ban yi masa alkawari ba. Na ce zan je in yi magana, kuma ko an yarda ko ba a yarda ba zan dawo in faɗa masa da bakina kafin la'asar. Ya ce, "Mu gani."

Shugaban, wanda ya biyo bayanmu daga ofis, yana cikin mota a gindin wata tsamiya. Da na gaya masa sai ya ce, "To, Allah ya jiƙanta. Ya tashi ko bai tashi ba?"

Na ji kamar in ɗaga murya. Amma na lura yana ta juya takardunsa ba ya karantawa, sai na yi masa abin da na yi wa tsohon. Na ce, "Yallaɓai, na ga kamar an matsa maka."

Ya sauke numfashi. Ya ce daga sama an ce masa in mako ya ƙare bai share ƙauyen nan ba, za a kawo wanda zai iya. Ya yi ta faɗa a kan Turawan kamfani da manyan ofis. Na bar shi ya zazzage. Da ya lafa na ce, ai ba a ce daga gidan tsohon za a fara ba. Katafila ta faro daga gabas, kafin ta cinye unguwanni ta iso yamma, jibi ta yi. Aiki bai tsaya ba, ba a kira 'yan sanda ba, ba a zubar da jini a ƙarƙashinsa ba. Abu ɗaya nake roƙo, mota guda ranar sadaka, ta ɗauko dattawan garin daga tudu.

Ya ce, "Motar hukuma ba ta zuwa makoki."

Na ce, "To, a rubuta ta zo kwasar sauran kaya. Ai akwai kayansa."

Ya harare ni, ya ce in tsohon bai fito jibi ba ni zan amsa. Na koma na faɗa wa dattijon yadda muka yi, har da cewa gobe zai ji rugugin katafila a gabas. Ya ce ya ji.

Ranar bakwai motar ta zo cike. Dattawa suka sauko suna sunkuyar da kai, don kunya. Mata suka shiga cikin gida suka dama gumba. Limamin garin ya ja addu'a, ana yi ana jin katanga tana faɗuwa a ɗaya gefen. Wani maƙwabcinsa ya kama hannunsa ya ce, "Mun yi maka laifi." Ya ce, "Kun yi mata." Bayan azahar ya tafi maƙabarta shi kaɗai, ya daɗe, ya dawo ya naɗe tabarminsa da hannunsa ya hau mota. Kabarin yana ƙarƙashin ruwa yanzu, tare da na iyayensa.

Na ga rahoton da aka rubuta a ofis. Layi biyu ne: wani mai taurin kai ya kawo cikas, an shawo kansa. Ba a ambaci mutuwa ba.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan ci mini rai. Sai na yi suna a ofis, wai ni ne mai iya baki. Duk inda aka sami wanda ya turje, sai a ce a kai malamin gonan nan ya zauna da shi. Na zauna da wanda aka sare wa mangwaron da kakansa ya dasa. Na zauna da waɗanda aka hana shuka damina bayan damina ana gyaran fili, rumbunansu suka ƙare. Nakan dawo da abin da suka ce, in rubuta, in miƙa. Ba a taɓa kirana an tambaye ni me mutanen nan suke faɗa ba. Tambayar kullum ɗaya ce, sun tashi? Lokacin da manoma suka gaji suka fara tare hanyoyi, manyanmu suka yi ta mamaki, wai ba su san abin ya kai haka ba. Yadda aka ƙare kuwa, da harbin 'yan sanda da asarar rayuka, duk ɗan ƙasar nan ya sani, kuma akwai gidajen da har yau ba a son a tayar da zancen.

Kafin a kai ga haka, an tura ni wani ƙauye ta wajen Bakura, ba nisa da garinmu. Na yi sallama a wani gida, na tuɓe takalma zan zauna, sai wata dattijuwa ta leƙo daga bayan zana. Ta san mahaifiyata. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ɗana, kai ne wanda ake aikowa ya saurari mutane kafin a rushe?"

Ta kawo mini ruwa na sha, na mayar da takalmana. Da na koma Talata Mafara na rubuta takarda a mayar da ni aikin ban ruwa, wanda aka ɗauke ni dominsa. Sai da na rubuta sau uku kafin a amsa.