Ranar da Baffana Ya Tsallake Ni a Layi

Shekarun baya, a ƙauyenmu da ke ƙasar Wurno, in ka ce "jam'iyya" ba mai tambayarka wacce. Guda ce tun ina firamare. Ita ke naɗa kansila, ita ke raba taki, har rigimar iyakar gona a gabanta ake kashewa. Wanda ya ci zaɓen fid da gwani ya gama, babban zaɓe shan shayi ne kawai.

Baffana ne shugabanta a mazaɓarmu. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, kuma fadamar da nake noman tafarnuwa aronsa ce. Da ita nake ci da iyalina.

Damuwarmu wata kwalbati ce da ta karye a hanyar fadama. Duk aka sako ruwa daga madatsar Goronyo, sai dai mu ɗauko buhu a ka. Kansilanmu ya yi alkawarinta har mun haddace. Da abokina, wani malamin makaranta, ya ce zai nemi kujerar, na ce ko ni kaɗai ne zan tsaya bayansa. Baki ne, ban san za a gwada ni ba.

Fid da gwanin na ƙato-bayan-ƙato ne, kowa ya tsaya bayan gwaninsa ido na ganin ido. Waɗanda muka sha alwashi tare na gan su suna sulalewa layin kansila, wani har da gyara hula. Layinsu ya kai bakin masallaci. Namu kuwa ko inuwar bishiyar dogon yaro bai cika ba. Amma wallahi na kafe.

Baffa ne mai ƙirga, yana dafa kafaɗar kowa. Ya zo layinmu, takwas, tara, goma. Da ya iso kaina sai ya kau da kai, ya ce wa magatakarda, "Rubuta goma."

Na gane nufinsa. Rufa mini asiri yake yi, don in manya sun tambaya ya ce ɗansa kallo ya zo. In na yi shiru, fadamata na nan.

Na ce, "Baffa, ba ka ƙirga ni ba."

Ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Kai wanga yaro, mi kaka nema? Tahi gida."

"Ka gahwarce ni, Baffa. Nan ni tsaya, a sa ni."

Ya daɗe yana dubana. Sannan ya dafa kafaɗata da ƙarfi, ya ɗaga murya: "Sha ɗaya!"

Mun sha ƙasa, ba sai an faɗa ba. Kafin sati Baffa ya aiko a ce in bar masa fadamarsa. Rani biyu ina ƙwadago a gonakin mutane wajen Rabah, matata na cewa taurin kaina ya fi na jakin gidanmu. Ban je ban-haƙuri kan layin ba, amma gaisuwar safe ban fasa ba ko sau ɗaya.

A rani na uku ya kira ni zaure. Bai dube ni ba ya ce, "Koma fadamarka. Tun ina saurayi nika ƙirgar mutane ga jam'iyyar ga, ba wanda yat taɓa ce min in ƙirga shi sai kai."

Yau jam'iyyar ta watse, manyanta sun sake riguna, kwalbatin ma sai daga baya muka yi ta da gayya. Ban zama kowa a siyasa ba. Abin da na riƙe shi ne, in ka tsaya a wuri, kada ka yarda a ce ba ka nan, ko da mai ƙaunarka ne ya faɗa.

Har Baffa ya rasu bai ƙara kirana da sunana ba. Sha-ɗaya yake ce mini, kuma wallahi ina kewar jin sa.