Tukunyar da Yaya Chizuko Ta Bar Mini

Yayata Chizuko ta girme ni da shekara uku, kuma tun muna yara ban taɓa ganin ta nemi wani abu ba. Abubuwa ne ke nemanta. Ni in na so abu sai na bi shi da gudu har takalmina ya tsinke, in isa in tarar yana hannunta, tana jujjuya shi tana tambaya wai na mene ne.

A wani ƙaramin garin masunta muka tashi, a kudancin tsibirin Shikoku. Makaranta ba ta karɓe ta ba, ni ce mai zuwa ta ɗaya a aji. Tana da shekara goma sha shida ta shiga shagon wani tsoho mai gyaran keken ɗinki, ta koyi aikin, daga baya ta auri ɗansa Tokuji, mutumin da sai ya wuni bai ce uffan ba. Ba su haihu ba. Da ya rasu ta ci gaba da buɗe shagon ita kaɗai. In aka kawo mata keke ba ta tambayar me ya same shi, sai ta taka shi sau biyu, ta kara kunne, ta ɗauko sukudireba. Farcenta kullum baƙi ne da man keke, ko a gidan biki.

Amma wannan hannun mai baƙin farce shi Innarmu ta zaɓa ta bar wa tukunyarta.

Kowane gida na kirki a garinmu yana da tukunyar dusa. Dusar shinkafa ce da gishiri da ɗan barkono, a kwaɓa, a riƙa binne kokwamba da yalo da karas a ciki, washegari a tono su sun yi tsami, a ci da shinkafa. Abu ne mai rai. Kullum sai an zura hannu an juya ta tun daga ƙasa, lokacin zafi har sau biyu, in ba haka ba ta mutu. Dusa akan ƙara, gishiri akan ƙara, amma ɗanɗanon na tsohuwar tukunya ne, kuma babu gida biyu masu ɗanɗano iri ɗaya. Ta Inna daga gidan kakarmu ta zo da ita ranar aurenta. Tana kwance a asibiti, ina tsaye a wajen, ta ce, "Chizuko, ki ɗauki tukunyar. Namie tana da garaje." Ni ce Namie. Shekara ashirin da wani abu ke nan, har yau ban manta da wannan maganar ba.

Ni kuma abin da nake da shi, Sifaniyanci ne. Shekara talatin na yi a kantar gidan waya ina manna tambari a wasiƙun mutane. Garinmu akwai gidajen da danginsu suka yi ƙaura zuwa Paraguay tun bayan yaƙin duniya na biyu, kuma duk wasiƙar da za ta can ta hannuna take bi. Tun ina karanta adireshin a zuci har na fara bin darasin harshen ƙasar, Sifaniyanci, a rediyo da sassafe. Shekara goma sha tara ina yi. Na cika littattafan rubutu har ashirin da shida, suna nan a jere.

Da na yi ritaya sai na ga sanarwa a allon ofishin gari, ana neman dattawa masu son aikin sa kai na shekara biyu a ƙasashen Kudancin Amurka. Taron bayanin a babban birni ne, ni kuwa ba na tuƙi, sai na roƙi Yaya ta kai ni da motar shagonta. Ta ce za ta jira a mota. Ni ce da bakina na ce ta shigo ta sha sanyin ɗaki.

Matar da ke karɓar mutane ta saurare ni da ladabi, har na gaishe ta da Sifaniyanci ta tafa mini. Sannan ta ce, "Wace sana'a za ki koyar da su, Hajiyar gidan waya?" Ba haka ta faɗa ba, ta fi haka ladabi, amma haka na ji shi. Na ce ai ina jin harshen. Ta yi murmushi ta ce su ma can suna ji. Idonta kuma ya riga ya sauka a kan hannun Yaya, wadda ke zaune a gefe tana cin gyaɗa.

"Baba, ke fa, wane aiki kike yi?"

"Ni? Direbarta ce," in ji Yaya.

Ashe akwai wata ƙungiyar mata a wani gari a Paraguay da aka ba kekunan ɗinki arba'in, talatin sun tsaya, an shekara ana neman mai koya musu gyara. Yaya suka ɗauka, ba ni ba. Ni na cike mata takardun, don rubutunta kamar kaza ta bi ta kan tawada. Ni na koya mata yadda ake cewa ina kwana. Wata uku ina fama, ta riƙe kalma bakwai.

Ranar da za ta tafi ta zo gidana rungume da tukunyar, ta naɗe ta da tsohon zanen Inna. Ta ajiye a ƙarƙashin wurin wanke kwanuka, ta durƙusa ta sunkuyar mini da kai har ƙasa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Namie, ga Inna nan. Sau ɗaya a rana, in zafi ya shigo sau biyu."

"Na sani, Yaya. A gidan na girma ni ma."

"Ki cire zobe kafin ki sa hannu."

"Ki tafi kada jirgi ya bar ki."

Ta tafi ƙasar da na yi shekara goma sha tara ina mafarki, ta bar ni da dusa.

Na juya. Kada wani ya ce ban juya ba. Shekara ɗaya da wata goma ban yi fashin rana guda ba, ko ranar da mura ta kwantar da ni rarrafawa na yi. Ina juyawa hotuna suna shigowa a waya. Ga Yaya a tsakiyar mata suna dariya. Ga ta an sa mata hular kaba. Ga ta tana zuƙar wani shayin ganye da bututun ƙarfe, wai ƙoƙo ɗaya ne ke zagaya mutum goma, matar da a gida ba ta shan ruwa da kofin kowa. Jaridar ofishin gari ta buga hotonta a shafin farko. Matar Hamaguchi mai kifi ta yanko ta manna a shagonta, kuma ba na sayen ko kifi ɗaya sai ta tsokane ni.

"Malama Namie, ashe gwanar Sifaniyancin ce aka bari tsaron gida? Yayarki yanzu ai ta fi ki iyawa."

"Auna mini kifin, ba labari na zo saya ba."

"To, a gaishe da tukunya."

A watan Agusta na shekara ta biyu Yaya ta aiko cewa matan ƙungiyar suna son su gaisa da ƙanwarta mai jin harshensu, za su kira ta bidiyo ranar Lahadi, mu da safe, su da almuru. Mako guda na yi ina shirya jawabi. Na rubuta, na gyara, na haddace a gaban madubi, na je aka yi mini gyaran gashi. Na ce yau za a san wace ce wace.

Wayar ta buɗe, sai ga fuskoki sun cika ta, mata takwas ko tara, kowa na magana lokaci ɗaya. Yaya na tsakiya cikin rigar sanyi, ni gumi na bin bayana. Wata mai ƙiba ta matso ta zubo mini magana kamar an ɓalle famfo. Ban kama ko kalma ɗaya ba. Mutumin rediyo bai taɓa magana haka ba, kuma rabin abin da suke faɗa ma da harshensu na gargajiya ne. Na buɗe baki in fara jawabina, ya gudu. Na tsaya ina rusunawa wayar kamar sakarya.

Sai Yaya ta juya ta ce musu wani abu, da wannan karyayyen harshen nata, tana haɗawa da hannu. Suka kwashe da dariya, mai ƙibar ta rungume ta ta sumbace ta a kumatu.

"Ña Ramona ce, tana tambaya ko kin ci abinci," in ji Yaya. "Na ce musu kunya gare ki. Yaya tukunya?"

Ta fassara mini. Ita. Mai kalma bakwai.

Da yamma na zo zan juya tukunyar, na tsuguna, na kama murfin, sai na sake shi. Na ce gobe. Ba mantuwa na yi ba, kuma ba zan yi wa kaina ƙarya a tsufana ba. Kullum sai na wuce ta gabanta, in kalle ta, in ce ai mai ita tana can ana sumbatarta, ta zo ta juya abinta. Kwana tara na yi haka, a tsakiyar zafin Agusta, ina jin wani daɗi mara kyau.

Rana ta goma wari ya ishe ni na buɗe. Da farar fumfuna ce da na kwashe saman na ci gaba, kowa ya san wannan. Baƙa ce da ja, ta ratsa har ƙasa, dusar ta zama ruwa. Na tona da hannu ina neman ko cokali ɗaya mai kyau, babu. Na zauna a ƙasan kicin na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'izar Inna. Sannan na haƙa rami a gindin bishiyar lemo na binne.

Na wanke tukunyar da ruwan zafi, na sayo sabuwar dusa a wurin mai injin casa a wani gari, don kada a gane ni, na kwaɓa. Wata biyu ina juya ta sau uku a rana, ina zuba mata duk abin da na tuna Inna na zubawa. Ta yi tsami, ta yi kyau ma. Na ce wa kaina harshen da ya shekara biyu yana cin rogo da naman sa ba zai tuna ba.

Ta dawo a watan Oktoba, ta yi baƙi ta rame. A tashar jirgin ƙasa ta rungume matar Hamaguchi a gaban jama'a, abin da ba a yi a garinmu, matar ta sandare kamar busasshen kifi. Kekuna talatin da bakwai ta bari suna aiki, da mata shida da suka iya gyara. Ba ita ta faɗa ba, a jarida na gani.

A gidana ta ci abincin rana. Na dafa sabuwar shinkafa, na tono kokwamba, na yanka a faranti. Ta wanke hannu, ta ɗauki ɗan ƙaramin faranti ta sa yanka biyu, ta miƙe. Na manta da wannan sam. Duk wanda ya dawo daga tafiya, kafin ya sa komai a baki sai ya kai wa magabata nasu, a gaban hoton Inna, ya kunna turaren tsinke ya ce ya dawo. Ita Yaya, zan iya ruɗa ta. Amma in tsaya ina kallo a ajiye wa Inna wannan a ce nata ne?

"Kada ki kai mata!"

Ta tsaya da farantin a hannu.

"Ba tata ba ce. Tata ta mutu a watan Agusta. Ni na kashe ta, kuma ba mantawa na yi ba, da gangan na ƙi juyawa. Kwana tara. Ki ce abin da za ki ce."

Na so ta yi ihu. Na so ta kira ni mai garaje, in samu abin riƙewa. Ta dawo ta zauna a hankali, ta ajiye farantin, ta daɗe tana kallon hannunta.

"Can, kullum da safe sai na shinshina hannuna," ta ce. "Wata na farko akwai ɗan ƙanshin a ƙarƙashin farce. Daga baya sai man keke kawai. Sai in ce, yanzu Namie tana can hannunta na ƙanshin Inna, ni ina nan cikin mutanen da ban san abin da suke wa dariya ba. Har haushinki na riƙa ji."

"Haushina? Ni?"

"Sun roƙe ni in ƙara shekara ɗaya. Na ce a'a, akwai abin da na bari a gida."

Ta jawo hannuna ta kai hancinta, ta shinshina, ta mayar mini da shi kan cinyata. Sannan ta ci shinkafarta da miya, ta yaba kifin, ba ta taɓa kokwambar ba.

Da za ta tafi na ɗauko tukunyar na naɗe da zanen Inna. Ta girgiza kai.

"Bar ta nan. Taki ce wannan."

Shekara bakwai ke nan. Yaya tana shagonta har yanzu, idonta ya yi rauni amma kunnen na nan, kuma duk ranar Lahadi matan nan suna kiranta su nuna mata keke ta waya. Ba ta sake ajiye tukunya a gidanta ba. Takan zo ta ci abinci wurina sau biyu a mako, ba ta taɓa tayar da maganar ba, ba ta kuma taɓa miƙa hannu ga farantin ba. Ni dai ina yankawa in ajiye a gabanta. Tukunyar da na so tun Inna na da rai ga ta nan a kicin ɗina, ba mai ƙwace mini, kuma yau da safe ma na juya ta.